Shin Tallafin Haya na 'Yan Watanni Yana Raba Mutum da Rashin Matsuguni?

Tambaya: Ina karatun aikin walwalar jama'a a Amurka, kuma an tura ni koyon aiki a wata ƙungiya da ke fitar da mutane daga masaukin gaggawa, ta kama musu haya, ta biya musu na 'yan watanni, sannan ta janye hannu. Hankalina bai kwanta da abin ba. In kuɗin ya ƙare, ba inda suka fito za su koma ba? Kuma tsarin da aka yi domin uwa mai 'ya'ya, anya zai yi wa mutumin da yake shi kaɗai, ya shekara biyar yana kwana a waje?

Amsa: Malama, shakkarki tana da tushe, amma ba ta ɗauke dukan gaskiyar ba. Wannan shiri na gaggauta mayar da mutum gidan haya yana yin abu guda da kyau, wato rage kwanakin da mutum zai yi ba shi da wurin kansa, kuma yana yin haka da kuɗi kaɗan in an gwada shi da ajiye mutane a masauki. Abin da ba ya iya yi shi ne cike giɓin da ke tsakanin abin da mutum yake samu a wata da abin da mai gida yake karɓa a wata. Inda giɓin nan ƙarami ne, shirin kan yi nasara. Inda yake da faɗi, abin da kike tsoro shi ke faruwa. Kusan duk gardamar da ake yi a kan shirin, in kin bi ta a hankali, nan take komawa.

Kafin ya zo, tsarin da aka saba da shi hawa-hawa ne. Mutum ya fara da masaukin gaggawa, daga nan a kai shi gidan wucin gadi da wata ƙungiya ke gudanarwa, ya zauna har zuwa shekara biyu yana halartar darussa, yana bin dokar shiga da fita, ana gwada shi ko yana shan ƙwaya. Sai an gamsu cewa ya "shirya" sannan a taimaka masa ya sami gida. Da yawa ba sa kaiwa ƙarshe, ko dai a kore su saboda karya doka ko su gaji su tafi. Waɗanda suka kai kuwa, sau da yawa mutanen da dama can ba sa bukatar duk wannan horon ne.

A 1998 wasu masu bincike biyu, Dennis Culhane da Randall Kuhn, suka bi bayanan masaukan manya marasa iyali a New York da Filadelfiya, suka gano abin da ya sauya tunanin masu wannan aiki. Kusan kashi 80 cikin 100 na masu shiga masauki sau ɗaya ko biyu suke shiga, su yi ɗan lokaci su fita, ba a sake ganin su. Kamar kashi 10 suna shiga suna fita. Sauran kashi 10 ɗin ne suka mai da masauki gida, kuma su kaɗai suke cinye kusan rabin kwanakin gadajen. Ma'anar wannan a fili take: yawancin marasa matsuguni ba mutane ba ne da rayuwarsu ta rushe gaba ɗaya. Talakawa ne da wata masifa guda ta tunkuɗo, ko rasa aiki, ko rashin lafiya, ko mutuwar aure, ko gudun miji mai duka, ko notis daga mai gida. Irin wannan mutum ba darasin zaman duniya yake nema ba. Kuɗin kafin alƙalami yake nema, da hayar watan farko, da wanda zai tsaya masa a gaban mai gida.

Tun kafin wannan bincike ma wasu sun fara aiki da fahimtar. Tanya Tull ta kafa ƙungiyar Beyond Shelter a Los Angeles a 1988 tana kai iyalai gidan haya kai tsaye, gundumar Hennepin ta jihar Minesota ta ɗauki irin wannan hanya a farkon shekarun 1990, Sam Tsemberis kuma ya kafa Pathways to Housing a New York a 1992 domin masu taɓin hankali da suka daɗe a titi. Hujjarsu ɗaya ce: ba a haɗa gudu da susar katara. Wanda bai san inda zai kwana gobe ba, ba shi da adireshin da zai rubuta a takardar neman aiki, ba shi da wurin ajiye maganinsa, ba za a ce masa ya gyara rayuwarsa tukuna sannan a ba shi ɗaki ba.

Gwamnatin tarayya ta shigo da ƙarfinta ne lokacin durƙushewar tattalin arziki. A 2008 majalisa ta ware dala miliyan 25 aka gwada shirin a yankuna 23. A 2009, cikin dokar farfaɗo da tattalin arziki, aka zuba dala biliyan 1.5 na shekara uku domin hana mutane rasa gida da kuma gaggauta mayar da waɗanda suka rasa. A shekarar dai aka sa hannu a dokar HEARTH, wadda ta gyara tsohuwar dokar tallafa wa marasa matsuguni, wato dokar McKinney ta 1987, ta kuma kafa buri cewa wanda ya rasa matsuguni a mayar da shi gida cikin kwana 30. Wurare kaɗan ne suke cim ma wannan kwana 30 ɗin, amma ya sauya abin da ake aunawa. A da a kan tambayi ƙungiya gadaje nawa ta cika. Yanzu tambayar ita ce kwana nawa mutum ya yi kafin ya karɓi makulli, kuma ya dawo ko bai dawo ba.

Aikin kansa sassa uku ne, kamar yadda kike gani a inda kike: nemo gida, biyan kuɗi, da bibiya. A ƙa'idar ma'aikatar gidaje ta tarayya, wato HUD, tallafin hayar na iya zama gajere, har wata 3, ko matsakaici, daga wata 4 zuwa 24. Yarjejeniyar haya da sunan mutumin ake yin ta, ba da sunan ƙungiya ba, don haka in tallafi ya ƙare ba a ce masa ya kwashe kayansa ya ba wani wuri. Kuma a asalin tsarin shirin ba a gindaya masa sharaɗin sai yana da aiki, ko sai ya daina shaye-shaye, ko sai ba shi da tarihin ɗauri.

Cikin ukun nan, wanda sababbin ma'aikata suka fi rainawa shi ne na farko, alhali shi ne ƙashin bayan aikin. A Amurka mai gida yana duba tarihin mai neman haya kafin ya ba shi makulli: an taɓa kai shi kotu domin a tashe shi, ana bin sa bashi, ya taɓa zaman kurkuku, albashinsa ya ninka kuɗin haya sau biyu da rabi ko uku? Yawancin mutanen da za a kawo miki sun faɗi a ɗaya ko biyu daga cikin waɗannan. Ko kin riƙe kuɗi a hannu, babu mai buɗe musu ƙofa. Shi ya sa ƙungiyar da ta san abin da take yi takan ware ma'aikaci wanda ba ruwansa da ba da shawara, aikinsa kawai sanin masu gidaje. Yana yi musu magana da harshen da suke ji: kuɗinka zai shigo ranar ɗaya ga wata, ga lambar da za ka kira in an sami matsala kuma za a ɗauka, in an yi ɓarna akwai asusun da zai biya gyara, in zaman bai yiwu ba za mu sauya masa wuri ba sai ka je kotu ba. Mai gida guda da ya yarda da ku ya fi tallan rediyo goma, domin shi zai gaya wa 'yan'uwansa. Haka kuma wanda kuka bari da ɗaki a lalace kuka ƙi ɗaukar wayarsa, shi ma zai gaya musu.

To yanzu ga abin da bincike ya nuna, kuma nan ne ya kamata ki natsu, don kowane ɓangare yana ɗaukar rabin da ya yi masa daɗi. Tsakanin 2010 da 2012 HUD ta ɗauki nauyin wani babban gwaji mai suna Family Options. An ɗauki iyalai 2,282 a yankuna 12, dukansu sun yi aƙalla kwana bakwai a masauki, aka raba su ta hanyar ƙuri'a. Wasu aka ba su fifikon samun takardar tallafin haya mara wa'adi, wadda mai ita ke biyan kusan kashi 30 na abin da yake samu gwamnati ta cika sauran. Wasu aka ba su wannan tallafi na ɗan lokaci, har zuwa wata 18. Wasu aka tura su gidan wucin gadi. Sauran aka bar su su nemi duk taimakon da suka iya samu kamar yadda aka saba. Aka bi su shekara uku.

Takardar tallafi mara wa'adi ce ta yi zarra, kuma da tazara. Ta rage komawa masauki da raɓewa a gidan wasu da fiye da rabi. Ta rage yunwa, da damuwar iyaye, da duka tsakanin ma'aurata, da yawan sauya wa yara makaranta. Tallafin ɗan lokaci kuwa, bayan shekara uku, iyalan da aka ba su fifikonsa ba su bambanta sosai da waɗanda aka bari kamar yadda aka saba ba, ko a zama cikin gida ko a sauran ma'aunai. Wannan sakamako ya yi wa masu goyon bayan shirin ciwo, kuma bai kamata a ɓoye shi ba.

Amma ki dubi kuɗin. A wancan lokaci, ajiye iyali guda a masaukin gaggawa yana cin kusan dala 4,800 a wata, gidan wucin gadi kusan 2,700, takardar tallafi mara wa'adi kusan 1,170, tallafin ɗan lokaci kuma kusan 880. Gidan wucin gadi, duk tsadarsa da darussansa, shi ma bai nuna wani fifikon a-zo-a-gani ba. Wato da kuɗin ajiye iyali ɗaya a masauki wata guda za a biya wa iyalai biyar tallafin wata. Kuma kwanakin da yaro ya yi a ɗakin da uwarsa ke riƙe da makullinsa, tana dafa masa abin da take so, ba daidai suke da kwanakin da ya yi a zaure ɗaya da baƙi hamsin ba, ko da ma'aunin shekara uku bai nuna bambanci ba. Akwai kuma abin da ake mantawa: kusan kashi 60 ne kawai na waɗanda aka yi wa tayin suka karɓa suka yi amfani da shi, su kuwa waɗanda aka ce an bari kamar yadda aka saba, da yawansu sun samo wani tallafin gida daga baya da ƙoƙarinsu. Gwajin bai gwada shirin da rashin komai ba.

Sai ki ce, to me ya hana a ba kowa takardar mara wa'adi? Babu ita ne. Cikin kowane gida huɗu da suka cancanci tallafin haya na tarayya, kusan ɗaya ne yake samu, kuma a birane da yawa layin jira shekaru ne, wasu ma an rufe rajistarsu. Ma'aikacin da ke gaban uwa da 'ya'yanta uku yau da dare ba tsakanin tallafin wata tara da tallafin har abada yake zaɓa ba. Tsakanin tallafin wata tara da ci gaba da zama a masauki yake zaɓa. A ganina wannan ce hujja mafi ƙarfi da shirin yake da ita, kuma ta ishe shi, ba sai an ƙara masa gishiri ba.

Inda yake faɗuwa kuwa lissafi ne tsagwaronsa. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa, kuma bai motsa ba tun 2009. Mai aikin awa 40 a mako a kan wannan farashi yana tashi da kamar dala 1,250 a wata kafin haraji. Jihohi da birane da dama sun ɗaga nasu, amma a nan ɗin ne kuma haya ta fi tsada. In kin saka iyali a gidan da hayarsa ta zarce duk abin da uwar za ta iya samu ko da ta yi aiki cikakke, ranar da tallafi ya tsaya kin san abin da zai biyo baya. Abin takaicin shi ne yanzu za ta fita da sabon tarihin kora a kotu, wanda zai ƙara rufe mata ƙofofi. An ga haka a New York da shirin Advantage, tallafin haya mai wa'adi wanda aka daina a 2011, iyalai da yawa suka koma masauki. A birnin Washinton ma lauyoyin marasa galihu sun daɗe suna kukan cewa ana saka iyalai a gidajen da kowa ya san ba za su iya riƙewa ba.

Ki kuma yi hattara da alƙaluman nasara da ƙungiyoyi ke bugawa. In an ce kashi kaza ba su dawo ba, abin da ake nufi shi ne ba a sake ganin sunansu a rajistar masaukan yankin ba. Wadda ta koma kwana a falon ƙanwarta da yara uku, ko ta koma wa mijin da ta gudu daga gare shi, ko ta bar garin, duk a takarda nasara ce. Binciken da aka yi kan gwajin yankuna 23 ɗin nan ya nuna haka ƙarara: kusan kashi 10 ne suka koma masauki cikin shekara guda, amma mafi yawan iyalan sun riga sun bar gidan da aka kama musu.

Batun mutum shi kaɗai ya fi sarƙaƙiya, kuma rabin tambayarki na biyu ya fi na farko nauyi, don su ne suka fi yawa. A ƙidayar dare guda ta watan Janairun 2024 an sami mutum sama da 770,000 ba su da matsuguni a Amurka, kusan kashi biyu cikin uku ba sa tare da yara. Kada ki haɗa su a kwando ɗaya. Akwai matashin da ya girma a hannun hukuma ya cika shekara 18 aka sallame shi, akwai direban da ya rasa aiki, akwai wanda ya fito daga kurkuku jiya, akwai dattijuwar da mai gida ya ƙara wa haya fiye da kuɗin fanshonta. Mafi yawansu suna cikin kashi 80 ɗin can, kuma tallafin ɗan lokaci yana yi musu aiki, musamman mai ƙarfin komawa aiki. Yana ma da sauƙi ta wani gefen, domin ɗaki guda ya ishe shi, kuma yana iya raba gida da wani su haɗa haya, kowa da yarjejeniyarsa.

Ta wani gefen kuma ya fi iyali rauni. Uwa mai yara tana da ƙofofin taimako da shi ba shi da su, kamar tallafin kuɗi na iyalai da rangwamen haraji mai kauri. Shi kuwa in naƙasa ta hana shi aiki, iyakar abin da zai samu daga tallafin tarayya na SSI a 2024 dala 943 ne a wata, kuɗin da ba ya kama ɗaki a manyan birane. Wannan kuɗi ba zai ƙaru ba don an bi shi wata tara ana ba shi shawara. Mutumin da kika kwatanta, mai shekara biyar a waje, galibi da ciwon ƙwaƙwalwa ko shaye-shaye ko duka biyu, ba nasa ba ne wannan shiri. Nasa shi ne gida mai tallafi na dindindin tare da ma'aikatan lafiya da ke zuwa inda yake, irin wanda Tsemberis ya fara, irin kuma wanda ƙasar Finland ta ɗora manufarta a kai tun 2008. Matsalar da za ki yi ta gani ita ce irin waɗannan gidaje sun yi kaɗan, sai a riƙa tura masu bukatarsu cikin shirin wata shida don shi ne yake da gurbi, in sun faɗi a ce shirin ne bai da amfani. In dole ce ta sa aka yi haka, a yi shi da niyyar riƙe mutumin a ɗaki har gurbin dindindin ya buɗe, kuma a rubuta sunansa a layin tun ranar farko.

Mafi kyawun shaida kan marasa iyali daga tsofaffin sojoji ta fito. Ma'aikatarsu ta fara nata shirin tallafin haya na ɗan lokaci, mai suna SSVF, a 2011, kuma bin diddigin da aka yi ya nuna cewa marasa iyali sun fi masu iyali komawa rashin matsuguni: kamar ɗaya cikin huɗu cikin shekara biyu, alhali na masu iyali bai kai ɗaya cikin shida ba. Duk da haka yawan tsofaffin sojoji marasa matsuguni ya ragu da fiye da rabi daga 2010 zuwa 2024, a daidai lokacin da na sauran jama'a ya hau. Ba tallafin ɗan lokaci kaɗai ya yi wannan ba. An haɗa shi da dubban takardun tallafi na dindindin da asibitocin tsofaffin sojoji, ta yadda wanda gajeren tallafi bai ishe shi ba akwai inda za a miƙa shi. Daga baya ma ma'aikatar ta ƙara wani tallafi mara yawa amma mai tsawo, na shekara biyu, domin waɗanda abin da ya rage musu su iya biyan haya ɗan kaɗan ne. Houston ma, wadda ta rage marasa matsuguni da fiye da rabi tun daga 2011, haɗa ƙungiyoyinta ta yi a kan rajista ɗaya da layi ɗaya, kuma ta ci moriyar haya mai sauƙi in an gwada da biranen Kaliforniya. Scotland ta bi wata hanyar: a 2018 ta nemi dukan ƙananan hukumominta 32 su rubuta tsarin shekara biyar na gaggauta mayar da mutane gida, amma can galibi gidan hukuma ko na ƙungiyar gidaje ake ba mutum da haya mai rahusa, don haka matsalarsu ƙarancin gidajen ce, ba ranar ƙarewar tallafi ba.

Tun da koyon aiki kike yi, ga abin da zan so ki sa wa ido. Ranar da za a sa hannu a yarjejeniya, ki zauna da mutumin ku rubuta lamba biyu: hayar gidan, da abin da ake sa ran zai riƙa samu a watan da tallafi zai tsaya, ba abin da ake fata ba. In tazarar ta yi yawa, a nemi gida mai araha ko da ya fi nisa, ko abokin haya, ko a fara neman tallafi mai tsawo yanzu. Ki duba ko ƙungiyar tana yanke wa kowa wata shida ne kamar da almakashi, ko tana farawa da kaɗan ta sake dubawa kowane wata uku, ta ƙara wa mai bukata ta saki wanda ya tsaya da ƙafarsa. Hanya ta biyun ta fi, domin ba wanda ya iya gane wa zai tsaya da wa zai faɗi daga hirar ranar farko. Ki lura ko rabon da mutum ke biya yana hawa a hankali ne, ko kuwa daga sifili ake tsallakawa da shi zuwa cikakkiyar haya a wata guda. Ki tambayi iyalai nawa ke wuyan kowane ma'aikacin bibiya, don wanda ke riƙe da hamsin ba bibiya yake yi ba, cike fom yake yi. Sannan ki nemi a nuna miki mutanen da aka sallama bara, a gaya miki nawa ne har yanzu suke cikin gidan da aka kama musu, ba nawa ne ba su dawo masauki ba.